Yadda Za Ka Samu Sabuwar Gwaggo Idan Inshora Ta Hana Ka Diyya

Kai da kamfanin inshora ya aiko wa takardar "muna baƙin cikin sanar da kai", share zufarka ka matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, cikin kwana goma sha huɗu za ka ga sakamako da idonka. Ba jita-jita ba ce, ba kuma a littafi na karanto ba. A jikina aka gwada, har yau ban gama warkewa ba.

Amma tsaya, ba kowa aka rubuta wa wannan ba. Duba ka ga ko ka cika sharuɗɗa. Motar ba taka ba ce, ta matarka ce, malamar makaranta, wadda ta shekara biyar tana hana kanta sabon zane kafin ta saye ta. Kai kuma wata bakwai ke nan da aka rage ma'aikata a ofishinku, aka rage har da kai, kuma ba ka gaya mata ba. Kullum da safe tana goge maka riga mai dogon hannu, ka rataya jakar ofis, ka sauke ta a ƙofar makaranta, ka ɗaga mata hannu sai ka ce manaja. Kana shan kwana sai ka cusa jakar a ƙarƙashin kujera, ka naɗe hannun riga, ka leƙo kai ta taga kana kiran fasinja. Abin da ka tara shi kake kawowa ƙarshen wata da sunan albashi. Ana nan sai ranar da tankar ruwa ta kwaso ka a shataletale, ta mayar da gaban motar kamar gwangwanin da aka taka.

In duk wannan ya yi daidai da kai, sannu ɗan'uwa, zauna nan kusa da ni. In bai yi ba, karanta dai ka ajiye, ni ma da can ina ganin irin wannan sai a kan wasu.

Mataki na 1: Riga kowa karɓar takardar

Ka tuna sunan Malama ne a bayan ambulan, tunda ita ce mai mota. Don haka daga ranar da ka kai takardun neman diyya, ka zama maigadin gidanka. Ko kyanwa ce ta taɓa ƙofa, kai za ka buɗe. Ranar da mai kawo wasiƙu ya iso, tare shi tun a bakin layi, sa hannu a madadinta, cusa ambulan cikin wando.

Wurin karatu banɗaki ne. Kulle ƙofa, buɗe famfo yadda ba za a ji salatinka ba. Tsallake gaisuwa da fatan alheri, nufi layin ƙarshe kai tsaye. Za ka ga an ce inshorar motar ta hawan gida ce, ba ta haya ba, kuma rahoton 'yan sanda ya nuna akwai fasinja mai biya a ciki lokacin hatsarin. Saboda haka ko sisi ba za a ba ku ba.

A nan za ka tuna da tsohuwar. Ita kaɗai ce a motar ranar, wata mai sayar da ƙwai, da kiret shida a cinyarta da gefenta. Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi, in ban da ƙwan. Ɗan sanda ya zo da littafinsa, kana ta rantsuwa cewa hannunka ne, mai tanka ne ya shigo maka, sai ga tsohuwa ta fito, gwaiduwa na ɗiga daga mayafinta. Ta kama hannun ɗan sandan ta ce, "Yaro, rubuta. Na biya kuɗin mota har kasuwa, ba a kai ni kasuwa ba. A ba ni kuɗina."

Shi kuwa bawan Allahn da ko lambar tankar bai rubuta daidai ba, wannan maganar ya rubuta ta tsaf, bai bar harafi ɗaya ba.

Mataki na 2: Je ka yi musu tijara

Wannan matakin ba ya kawo komai, amma jiki na bukatarsa. Sa rigar ofis ka nufi kamfanin inshorar, ka hau bene na uku. Za ka tarar da jami'in da ya sayar muku da inshorar, mai soke biro uku a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da kore. Ranar da kuka zo biya, shi ne ya miƙe tsaye, ya jawo wa Malama kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi, bakinsa har kunne yana cewa, "Daga yau ku kwanta ku yi barci, mu ne danginku ranar wuya." To, ga ranar wuya ta zo. Za ka yi awa biyu a benci, ruwan sanyin na wucewa ta gabanka ana kai wa waɗanda suka zo biya.

In an kira ka, buga tebur. Ce za ka kai su kotu, za ka kira 'yan jarida, ka san manya. Mai Biro Uku ko gezau ba zai yi ba. Zai jawo wata takarda mai shafi ashirin, ya buɗe na sha tara, ya ɗora bakin biro a kan wani rubutu da za ka rantse tururuwa ce ta bi ta cikin tawada.

"Kun karanta nan kafin ku sa hannu, Yallaɓai?"

Kada ka amsa. Ba wanda ya taɓa karantawa, har shi mai tambayar.

In ka gaji ka zauna, muryarka ta dawo ta mutane, tambaye shi ko akwai wata hanya. Zai duba hagu da dama, ya sassauta murya. "Kwana goma sha huɗu gare ku ku nemi a sake dubawa. In matar nan 'yar'uwarka ce, to ba haya ba ce, zumunci ne. Sai ka zo da ita, ka zo da mai motar, kowa ya faɗa da bakinsa."

Ka ji aikin da ke gabanka. Tsohuwar da ka sani na minti goma sha biyar za ta zama jininka, kuma a gaban matarka za a yi.

Mataki na 3: A gida, ce "suna kan aiki"

Kalma uku ce, haddace ta kamar sunanka. Malama yanzu motar haya take bi, sau biyu zuwa, sau biyu dawowa, da jakar littattafan yara a kafaɗa. Za ta dawo da yamma ta zauna a bakin gado tana murza ƙafa, ta ce, "Maigida, yaya maganar inshora?" Ce suna kan aiki. Faɗa kana kallon talabijin, ko da a kashe take. Kada ka kuskura ka kalli ƙafar tata, kallon na ɓata shiri.

Babbar matsalarka safiya ce. Har yanzu a idonta kai ma'aikaci ne, don haka za ta tashi ta jona dutsen guga, ta goge rigar, ta miƙo maka ita da ɗuminta ta ce Allah ya ba da sa'a. Karɓa. Da can ba ofis amma akwai mota, yanzu ba ofis ba mota. Nufi gareji, zauna a kan tsohuwar taya kusa da gawar motar, jakar ofis a cinya.

Bakanike zai zo ya tsaya a kanka yana toshe hanci. "Yallaɓai, don Allah ko a fara aiki ko ka ɗauke ta. Ƙwan nan ya shige har cikin kujeru. Duk ƙudan unguwar nan sun tare a garejina." Shi ma ce masa suna kan aiki.

Shawarar ƙwararru: kada ka jingina da inda baƙin mai zai taɓa rigar. Mace na iya ƙyale ƙaryar baki, amma tabon da ita za ta wanke sai ta tambayi asalinsa.

Mataki na 4: Nemo tsohuwar

Shiga kasuwa ka bi layin masu ƙwai. Ba sai ka yi cigiya ba, ita za ta gane ka. Za ka ji an ɗaga murya daga can ƙarshe, "Ga shi nan! Jama'a ga direban da ya soya min ƙwai a titi!" Duk layin zai juyo. Yi murmushi, durƙusa har ƙasa, gaishe ta kamar ka shekara kana kewarta.

Kada ka fara da bukatarka. Fara da tambayar lafiya, da kasuwa, da gajiyar ranar nan. Mayar mata da kuɗin motarta a gaban shaidu. In ta ɗaure su a bakin zane ta ɗan saki fuska, sai ka matsa ka yi ƙasa da murya ka karanta mata komai: aikin da ka rasa, matar da ba ta sani ba, motar da ba taka ba. Ka ce abu ɗaya kake roƙo, ta zo ofis na minti goma ta ce ita 'yar'uwarka ce.

Za ta daɗe tana kallonka tana jera ƙwai. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ban iya ƙarya ba. Gashin kaina ya yi fari, ba zan je gaban hukuma in faɗi abin da ba shi ba."

Kada ka tashi tukuna, ba ta gama ba.

"Sai dai in za a yi ta gaske. In na zama 'yar'uwarka, to na zama. Za ka riƙa zuwa gaishe ni da safe. Za ka ɗauko min kiret daga inda ake saukewa, don bayana ya ƙi. Zan san gidanka, zan san matarka. Nawa 'ya'yan biyu ne, duk suna nesa, ba na jin muryarsu sai in an yi rasuwa. Ka yarda?"

Yarda da sauri. A ranka ka ce kwana goma sha huɗu ne kawai, wa ya taɓa mutuwa don ɗaukar ƙwai. Ni ma haka na ce.

Mataki na 5: Zaɓi dangantakar da ba mai ƙaryatawa

A nan ake gane mai ilimi. Kada ka ce ƙanwar mahaifiyarka ce, domin mahaifiyarka na raye, tana da waya, kuma ita da Malama kullum sai sun gaisa. Kada ka ce kaka, kakanninka duk Malama ta je ta'aziyyarsu. Ce gwaggo. Mahaifinka ya rasu shekara tara, Allah ya jiƙansa, ba zai tashi ya musa ba.

Sai koyarwa. Rubuta mata sunan mahaifinka da na kakanka da shekarar haihuwarka. Za ta karɓi takardar ta naɗe ƙwai biyu da ita ta miƙa wa mai saye. "Kai za ka koya min ƙanena? Ni fa na goya shi."

Daga nan abin ya fita hannunka. Matar da ta ce ba ta iya ƙarya ba za ta fara tuno abubuwan da ba a taɓa yi ba. Za ta gaya wa maƙwabtanta na kasuwa yadda ubanka ya faɗa rijiya yana yaro, yadda kai kuma ka kai shekara bakwai kana fitsarin kwance. In ka ce, "Gwaggo, wannan ai ba a yi ba," za ta ce, "Kana barci, ina za ka sani?"

Haɗiye. Shaida mai kyau ita ce wadda ta yarda da maganarta, kuma ka samu.

Mataki na 6: Kai ta gida

Ba makawa, domin Malama za ta gan ta a ofis, gara su saba. Shirya bayani tun a hanya: wai gwaggo ce da aka yi saɓani da ita tun kafin aurenku, ka gan ta a bakin titi ranar hatsarin ka rage mata hanya, yanzu an shirya.

Malama za ta saurara har ƙarshe, hannu a haɓa. Shekara goma sha ɗaya kuna tare ba ta taɓa jin kana da gwaggo ba. Za ta kalle ka, ta kalli tsohuwar, sannan ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ashe muna da babba ba a gaya mana ba." Za ta shimfiɗa mata darduma mai kyau, wadda kai ba a bari ka taka.

Kada ka yi murna tukuna. Gwaggo za ta zagaya gidan kamar mai binciken tsabta. Za ta buɗe tukwane, ta shafa saman kabad ta duba yatsa, ta ce labulen falo ya tsufa kuma laifinka ne. Za ta zauna su yi ta hira da Malama kamar sun shekara da sanin juna, kai kana tsakiya zufa na keto maka. Can sai ka ji ta ce, "Yaron nan dai ya iya tuƙi, ba laifi. Tsada ce kawai da shi."

Yi tari. Yi tari mai ƙarfi, har a kawo maka ruwa.

In ka rako ta bakin titi, za ta tsaya ta kama hannun rigarka. Fuskarta ba wasa. "Ɗan nan, yarinyar nan mutuniyar kirki ce. Na ga ƙafarta ta kumbura. Ka zaunar da ita yau ka gaya mata gaskiya, tun kafin wani ya gaya mata."

Wannan ita ce shawara mafi kyau da za ka ji a duk kwanakin nan. Yi watsi da ita. Ce mata bayan an biya diyya za ka faɗa, lokacin ya fi dacewa. Namiji mai dabara kullum yana da lokacin da ya fi dacewa, kuma ba yau ba ne.

Mataki na 7: Ranar sake dubawa, bar Gwaggo ta yi aikinta

Ku je ku uku. Malama ta nemi izini daga makaranta, kai ma ka ce ka nemi izini daga ofis. Gwaggo za ta zo da mayafinta na fita, tana hawa benen tana tsine wa wanda ya gina shi.

Mai Biro Uku zai zaro shuɗin biro ya gyara zama. "Iya, yaya kuke da wannan bawan Allah?"

"Ubansa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na goya uban, na goya ɗan. Ka ga kan nan nasa? Haka aka haife shi da shi, sai da aka kira unguwarzoma ta biyu."

"Amma a takardar 'yan sanda kin ce kin biya kuɗin mota."

"Na faɗa, kuma zan ƙara faɗa. Yo kai in gwaggonka ta shiga motarka ba ta miƙa maka na mai? Ko ba ka da gwaggo ne?" Zai ce ba shi da ita. Ta tafa hannu ta ce, "Allah sarki! Shi ya sa fuskarka take haka."

Kai dai sunkuyar da kai kamar ɗa mai ladabi. Za ka ga Mai Biro Uku ya fara susar ƙeya, ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Za ta ba shi labarin rijiya, ta ba shi na fitsarin kwance, har sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa, ya gamsu. Wallahi a wannan lokacin za ka ji kamar ka ɗauki tsohuwar nan ka goya. Za ka fara hango motar ta fito fes da sabon fenti, asirinka a rufe.

Sai ya jawo takarda ɗaya tak, ya tura gaban Malama. "Saura mai mota. Sa hannu a nan, Malama, shi ke nan mun gama."

Mataki na 8: Kada ka kalli matarka

A takardar layi biyu ne kacal, da manyan baƙaƙe wannan karon: ni mai wannan mota na tabbatar ba a taɓa ɗaukar fasinja da ita don kuɗi ba.

Ka manta da abu ɗaya a duk lissafinka. Malamar makaranta ka aura, ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Za ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa. Mai Biro Uku zai miƙo mata baƙin biro, ta ce a'a, tana da nata. Za ta buɗe jaka ta zaro jan biron da take duba jarrabawa da shi. Kalli silin, kalli fanka, kalli kalandar kamfanin mai hoton iyali suna dariya a cikin mota.

Za ka ji ƙarar biron a kan takarda, layi ɗaya dogo, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba sa hannu ba ne.

"Yallaɓai," za ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi, "shekaranjiya na fitar da yarinya daga ɗakin jarrabawa saboda satar amsa, tana kuka ina kuka. Ba zan sa hannu a nan ba. Iya ba gwaggonsa ba ce, fasinjarsa ce. Mijina haya yake yi da motar nan, wata bakwai ke nan tun da aka sallame shi daga aiki."

Za ta mayar da jan biron cikin jaka.

Gwaggo ce za ta fara magana. "Fasinja a da," ta ce tana gyara mayafi. "Yanzu gwaggo ce, kuma ba mai sauke ni."

Mai Biro Uku kuwa sai ka ga ya warware kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Zai zaro koren biro, wanda ashe na murna ne, ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfi har tebur ya girgiza. Ya ce yana yaba wa gaskiyar Malama ƙwarai, kamfani na alfahari da irinta. Diyya dai babu.

Mataki na 9: A bakin titi, rufe bakinka

Za ku sauko daga benen. Rana na tsaka, ku tsaya inda ake jiran mota. Gwaggo za ta ja gefe ta yi kamar tana duba takalman da aka baza, alhali kunnenta duk yana wajenku.

Zuciyarka za ta ce ka yi fushi. Za ta ce ka tambayi Malama ko ta san abin da ta zubar, tarin shekara biyar a layi ɗaya na jan biro. In ka biye mata ka tambaya, ga amsar da za ka samu: "Motata ce. Asarata ce. Na sani."

Daga nan tambaya ɗaya ce ta rage maka, kuma muryarka za ta fito 'yar ƙarama. "Tun yaushe?"

"Tun wata na farko. Na tsinci ɗankunne a kujerar baya, na shiga ɗaki na yi kuka, na ɗauka mace ce. Bayan sati na tsinci wani, ba irin na farko ba. Sai takalmin jariri ƙafa ɗaya. Sai lema. Ranar da na tsinci haƙorin roba na ce a'a, wannan ba soyayya ba ce, sana'a ce. Na kira ofishinku suka gaya min."

Za ka so ka yi dariya, amma ka dubi idonta tukuna.

"Ban ji kunyar hayar ba, Maigida. Wallahi da ka faɗa min da ni zan ɗinka maka jakar canji. Abin da ya ci min rai rigar nan ce. Wata bakwai ina tashi ina goge rigar ofishin da babu shi. Kullum in na miƙo maka sai in ce a raina, yau zai faɗa. Ka karɓa, ka ce na gode, ka wuce. Bakanike ya sani. Ka gaya wa Iya a tsakiyar kasuwa, matar da ka sani na minti goma sha biyar. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya, ni ce baƙuwar."

Duk masana sun yi ittifaƙi cewa a wannan gaɓar babu abin faɗa. Na gwada "don kada hankalinki ya tashi ne". Ban ba ka shawarar ka gwada ba.

Mataki na 10: Girbi sakamakonka

Motar za ta tashi, kada ka damu. Malama za ta biya bakanike daga albashinta, ya bubbuga ya liƙa, ya samo ƙofa ɗaya mai launi daban. In rana ta yi zafi har yanzu za ka ɗan ji warin ƙwai. Za ta kai ka da kanta a yi wa motar takardun haya na gaskiya, ku sake hawa bene na uku ku sayi inshorar haya, wadda ta fi waccan tsada. Mai Biro Uku zai miƙe tsaye, ya jawo mata kujera, ya sa a kawo ruwan sanyi. Sha, kuɗinku ne.

Dutsen guga ya huta. Da safe ka zura duk rigar da hannunka ya kai gare ta, ka je ka ɗauko Gwaggo da kiret ɗinta. Za ta buɗe gaba ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ce ka rage gudu. Ba ta biya, ai gwaggo ba ta biyan kuɗin mota.

Sai ka dawo ƙofar gida ka yi hon. Malama za ta fito da jakar littattafanta, ta gaida Gwaggo, ta buɗe ƙofar baya ta shiga. "Makaranta, direba," za ta ce. In kun isa, ta miƙo kuɗin mota ta saman kafaɗarka, cif-cif, ba ragi ba ƙari. Ranar farko za ka ce, "Haba Malama, motarki ce fa." Za ta ce, "Karɓi. Ai haka ake yi da wanda ba ɗan gida ba."

Gargaɗi, kuma da manyan baƙaƙe na rubuta shi, ba irin nasu ba

Sakamako na yi maka alkawari, ban ce diyya ba, koma sama ka duba. Marubucin wannan jagora ba lauya ba ne, ba jami'in inshora ba ne, direba ne. Ba ruwansa da duk abin da ya same ka: ciwon baya daga ɗaukar kiret, labarin fitsarin kwancenka da ya zagaye kasuwa, ko gwaggon da ba a mayarwa in an karɓa. Duk wanda ya bi matakan nan shi ya jiyo, kada ya zo nemana, ina kan hanya daga safe har yamma.

Kuma kada a tambaye ni mataki na goma sha ɗaya, wanda ke dawo da mace kujerar gaba. Ba ni da shi. Wata huɗu ke nan ina gyara madubi kowace safiya ina kallonta a baya, tana duba littattafan yara da jan biro. Kuɗin da take miƙo min ban taɓa kashe ko ɗaya ba, suna nan cikin jakar ofis a ƙarƙashin kujera. Jiya dai da za ta sauka ta ɗan tsaya, hannunta a kan ƙofar gaba, har na daina numfashi. Ashe gaya min za ta yi ban rufe ta da kyau ba.